FASHIN BAƘI: Yadda ɗaliban sakandare ke zaɓen kwas ɗin jami'a a makance, da waɗanda ya kamata su haska musu hanya

Duk shekara, idan lokacin rajista ya zo, cibiyoyin rajistar jarrabawar JAMB a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri kan cika maƙil da matasa. Yaro zai yi sammako, ya bi dogon layi, a ɗauki hoton yatsunsa, sannan ma'aikacin da ke gaban kwamfuta ya jefo masa tambaya: “Wace jami'a, wane kwas?” Amsar da zai bayar cikin ƙasa da minti guda za ta iya jan ragamar shekara huɗu zuwa shida na rayuwarsa, da abin da zai biyo baya.

Da yawa daga cikin waɗannan matasa ba su taɓa taka harabar jami'a ba. Ba su taɓa zama da malamin sashen da suka ambata ba, ba su san darussan da ke cikin kwas ɗin ba, ba su kuma san mutum nawa sashen ke iya ɗauka ba. Abin da suka ji a gida ko a majalisa shi suke maimaitawa: likita, lauya, injiniya. Wasu ma na bayansu a layi ne ke zaɓa musu.

Wannan giɓi ne shirye-shiryen wayar da kan ɗaliban sakandare kan karatun jami'a ke da nufin cikewa. Wannan rahoto ya duba yadda tsarin shiga jami'a ke aiki a Najeriya, da dalilin da ya sa irin wannan shiri ke zuwa a makare, da kuma waɗanda alhakin gyara ya rataya a wuyansu.

Mene ne wannan shiri?

A taƙaice, shiri ne da jami'a ke buɗe ƙofofinta ga ɗaliban da ba su kammala sakandare ba, ko ta tura malamanta da ɗalibanta zuwa makarantunsu, domin a nuna musu abin da kowane fanni ya ƙunsa. A Ingila, misali, jami'o'i kan ware ranaku na musamman a kowace shekara, ɗalibai da iyayensu su zo su zagaya ɗakunan gwaje-gwaje da ɗakunan karatu, su saurari gajeriyar lacca, su yi tambayoyi kafin su cike fom.

A Najeriya, abin da aka fi sani shi ne taron wayar da kan sababbin ɗalibai, wanda ake yi bayan an riga an ba mutum gurbi, ya biya kuɗin rajista, wani lokacin har an rantsar da shi. A nan ake gaya masa dokokin makaranta da illar satar jarrabawa da shiga ƙungiyar asiri. Taron yana da amfaninsa, sai dai ta fuskar zaɓen kwas ihu ne bayan hari. Akwai makarantun kuɗi da ke kai ɗalibansu ziyarar jami'o'i, akwai kuma ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi da ke komawa gida lokacin hutu su yi wa ƙannensu bayani. Amma duk wannan ya dogara ne ga sa kai da kuma aljihun iyaye. Ɗan makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo a ƙauye ba kasafai yake samun ko ɗaya ba.

Inda ake yanke hukuncin farko

Mutane da dama na ɗauka ranar rajistar JAMB ake zaɓen kwas. A zahiri an rufe yawancin ƙofofin tun shekara uku kafin nan, lokacin da yaro ya gama ƙaramar sakandare aka tura shi ajin kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 ne ake yi wa wannan rabo. Sau da yawa ba a tambayi ra'ayinsa ba, ba a kuma gaya wa iyayensa ma'anar rabon ba. A wasu makarantun, abin da ke yanke hukunci shi ne malaman da ake da su: idan babu malamin Fizis ko Kemistiri, to kowa ɗan ajin adabi ne.

Ga dalilin da ya sa rabon ke da nauyi. Jami'a na neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamantansu, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi a mafi yawan fannoni. Kuma ba kowane biyar ake karɓa ba, sai waɗanda suka dace da kwas ɗin. Haka ma jarrabawar JAMB: darussa huɗu ake rubutawa, Turanci wajibi ne ga kowa, sauran ukun kuwa kwas ɗin ne ke fayyace su. Mai neman likitanci zai rubuta Bayoloji da Kemistiri da Fizis. Mai neman injiniyanci zai rubuta Lissafi da Fizis da Kemistiri. Mai neman karatun lauya yana bukatar Adabin Turanci.

Mu ɗauki misalin yarinyar da ke da burin zama lauya, amma makarantarsu ba ta koyar da Adabin Turanci. Za ta iya cin kiredit takwas, ta sami maki mai yawa a JAMB, amma a ajiye takardunta a gefe saboda darasi guda da ba wanda ya gaya mata tana bukata. Zaɓinta biyu ne: ta karɓi wani kwas ɗin da ba ta nema ba, ko ta sake jarrabawa baɗi. Sakamakon JAMB kuwa shekara ɗaya yake aiki, don haka sai ta sake sayen fom, ta sake zama. A gidajen da ake kallon zaman budurwa a gida shekara guda a matsayin dalilin yi mata aure, wannan kuskuren na iya zama ƙarshen karatunta baki ɗaya.

Marubucin wannan rahoto ma bai tsira ba. A sakandaren gwamnatin da na yi akwai ƙofa mai ɗauke da allon ofishin ba da shawara, amma ban taɓa ganin ta a buɗe ba. Sai da na shiga aji ɗaya a jami'a na fahimci cewa karatun aikin jarida ya ƙunshi dokokin yaɗa labarai da dabarun bincike da ƙididdiga, alhali ni abin da na hango shi ne zama gaban makirufo. Na yi dace abin ya karɓe ni. Wasu abokan karatuna sun gama ne kawai don kada a ce sun gaza.

Yadda ake raba guraben karatu

An kafa hukumar JAMB a 1978 domin haɗe shiga jami'o'i a ƙarƙashin jarrabawa guda. Tun daga 2015 ake rubuta jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa ukun, jimillar maki kuwa 400.

A 2025, sama da mutum miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Daga baya shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa an sami matsalar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. A taron tsara manufofin shiga manyan makarantu na wannan shekarar, an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 ga kwalejojin koyon aikin jinya, sai 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai.

A nan ne ɗalibai da yawa ke ruɗewa. Maki 150 ƙasan tsani ne kawai, wato jami'a ba ta da ikon ɗaukar wanda ya gaza haka. Kowace jami'a tana da nata makin, kowane sashe ma yana da nasa, kuma kwasa-kwasan da ake rububi kamar likitanci da lauya da harhaɗa magunguna na bukatar maki da ya zarce wannan nesa ba kusa ba. Bayan haka akwai tantancewar da jami'a ke yi da kanta, ko ta hanyar wata jarrabawar ko ta duba sakamakon sakandare, sannan a haɗa makin.

Akwai kuma ƙa'idar rabo a jami'o'in tarayya. Kashi 45 cikin ɗari na guraben ana bayar da su ne bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu koma baya a ilimin boko, waɗanda mafi yawansu na Arewa ne. Ma'ana, ɗan Jigawa ko Yobe ko Zamfara na da damar da doka ta tanadar masa, amma sai ya san da ita zai iya lissafa jami'ar da ta fi dacewa ya sa a zaɓinsa na farko. Sannan manufar gwamnati ita ce a ba fannonin kimiyya kashi 60 na guraben jami'o'in gama-gari, sauran fannoni kashi 40. Wanda aka tura ajin adabi saboda makarantarsu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, an tura shi ne inda ƙofa ta fi ƙunci.

Wasu kwasa-kwasan kuma suna da ƙayyadadden adadi da jami'a ba ta isa ta wuce ba. Hukumar kula da aikin likitanci da haƙori, MDCN, ita ke yanka wa kowace kwalejin likitanci yawan ɗaliban da za ta ɗauka, kamar yadda Majalisar Koyar da Aikin Lauya ke yi wa tsangayoyin shari'a. Don haka dubban masu maki mai kyau kan rasa gurbi duk shekara ba don sun faɗi ba, sai don kujerun sun ƙare. A irin wannan hali ne jami'a kan miƙa wa ɗalibi wani kwas ɗin, shi kuma ya karɓa da tunanin zai sauya a aji biyu. Sauyin na da sharuɗɗa masu tsauri, kuma shiga likitanci ta wannan hanya abu ne mai wuyar gaske.

Tun 2017 duk wani gurbi na halal sai ya bi ta manhajar JAMB da ake kira CAPS, inda ɗalibi zai ga tayin da aka yi masa, ya karɓa ko ya ƙi. Duk gurbin da aka bayar ta bayan fage, hukumar ba ta san da zamansa ba, kuma matsalar kan fito ne a lokacin tafiya bautar ƙasa, bayan an kashe shekaru da kuɗi.

Sunan kwas da abin da ke cikinsa

Suna kan yaudari mai zaɓe. Wanda ke son gyaran waya da haɗa manhaja zai iya zaɓar kimiyyar kwamfuta, ya tarar da Lissafi ya yi masa katutu tun daga shekarar farko. Wanda ya raina aikin gona zai iya rashin sanin cewa digiri ne na shekara biyar da ya haɗa da kimiyyar ƙasa da kiwo da tattalin arziki. Tsawon karatun ma ya bambanta: yawancin kwasa-kwasai shekara huɗu ne, injiniyanci da aikin jinya biyar, lauya biyar da ƙarin shekara a Makarantar Horar da Lauyoyi, likitancin mutane da na dabbobi shida. Idan aka ɗora yajin aiki a kai, kamar na wata takwas da ƙungiyar ASUU ta yi a 2022, lissafin kan ƙara tsawo. Wanda kuma ya haura shekara 30 a lokacin kammalawa, takardar yafiya ake ba shi maimakon bautar ƙasa.

Kwasa-kwasan kansu suna sauyawa. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sanar da rarraba karatun aikin jarida zuwa digiri bakwai daban-daban, ciki har da aikin jarida, hulɗa da jama'a, tallace-tallace, aikin rediyo da talabijin, da harkar fim. A ƙarshen 2022 kuma ta ƙaddamar da sabon kundin manhajar jami'o'i, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Wannan na nufin kwas mai suna ɗaya zai iya bambanta tsakanin Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello. Malamin sakandaren da ya bar jami'a shekara 20 da suka wuce, idan ba a sabunta masa bayani ba, tsohuwar taswira zai miƙa wa ɗalibansa.

Sai batun sahalewa. NUC kan tantance kowane kwas a kowace jami'a, ta ba shi cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana shi. Jami'a na iya zama halastacciya amma wani kwas a cikinta ba shi da amincewa. Rashin sanin wannan ne ke jefa iyaye hannun dillalan digiri. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri cikin mako shida daga wata makaranta a Kwatano ba tare da ya shiga aji ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Janairun 2024, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Hukuncin ya shafi masu sayen takarda, ya kuma jefa waɗanda suka je karatu da zuciya ɗaya cikin zulumi.

Hanyoyin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba

Jarrabawar JAMB ta gama-gari ba ita kaɗai ce ƙofar digiri ba. Akwai shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, da takwaransa JUPEB: wanda ya ci yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye. Akwai makarantun share fagen shiga jami'a, irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke da ita a Funtuwa. Mai takardar NCE ta shekara uku, ko mai ƙaramar difloma ta shekara biyu da sakamako mai kyau, shi ma yana iya neman aji biyu. Kwalejojin aikin jinya da ungozoma da na kimiyyar lafiya kuwa hanya ce ta aiki a yankin da asibitocin karkara ke kukan rashin ma'aikata, musamman mata.

Ta fuskar kuɗi, tun bayan sa hannu kan dokar bashin karatu a Afrilun 2024, asusun NELFUND na biya wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati kuɗin makaranta, tare da ba su na kashewa a wata, a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ko mutum ya gamsu da tsarin ko bai gamsu ba, ya kamata ɗan talaka ya san da shi kafin ya yanke ƙauna.

Duk waɗannan bayanai ba sirri ba ne. Kundin JAMB mai ɗauke da sharuɗɗan kowane kwas a kowace makaranta yana shafin hukumar na intanet kyauta. Amma da Turanci yake, cike da gajerun kalmomi, kuma yana bukatar waya da data da wanda zai fassara. Ɗan malamin jami'a yana da mai fassara a teburin cin abinci. Ɗan manomin da shi ne na farko a gidansu da ya kai aji shida ba shi da kowa. A nan ne rashin daidaito ke farawa, tun kafin a rubuta jarrabawa.

Alhakin wa?

Tun bugunta na farko a 1977, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi samar da malaman ba da shawara kan karatu da sana'a a makarantun gaba da firamare. Mafi yawan sakandaren gwamnati kuwa na jihohi ne, don haka ɗaukar waɗannan malamai da horar da su aikin ma'aikatun ilimi na jihohi ne. Inda aka naɗa su, sau da yawa akan ɗora musu cikakken jadawalin koyarwa, ofishin ya koma wurin ajiyar tsofaffin fayiloli.

Arewa ta taɓa ganin amfanin kama yaro tun da wuri. A 1977 Jihar Kano ta kafa makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake zaɓo yara masu hazaƙa a ba su horo na musamman. Likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa daga nan suka fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan tsari hujja ce a kan haka.

Jami'o'i ma ba su da uzurin nisa. Tsakanin 2011 da 2013 an kafa jami'o'in tarayya a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa, ban da na jihohi. Kusan kowace jiha tana da jami'ar da motar makaranta za ta iya kai ɗalibai ta dawo da su a yini guda. Hidimta wa al'umma na cikin ginshiƙai uku na aikin jami'a, tare da koyarwa da bincike, kuma tsangayoyin ilimi da dama suna yaye masana ba da shawara duk shekara.

Sai 'yan siyasa. An saba ganin ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma ya sayi fom ɗin JAMB ya raba wa ɗaruruwan matasa, a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Taimako ne, ba a musa ba. Amma fom ɗin da aka cike da darussan da ba su dace ba asarar kuɗin jama'a ce da shekarar yaro. Tambayar da ta kamata matasa su riƙa yi wa masu rabon ita ce: cikin waɗanda aka saya wa fom bara, nawa ne suka sami gurbi, kuma a wane kwas?

Abin da shiri mai amfani zai ƙunsa

Na farko, lokaci. Ya fara daga aji uku na ƙaramar sakandare, kafin rabon azuzuwa, a maimaita a aji biyu na babbar sakandare, kafin a yi rajistar darussan WAEC da NECO.

Na biyu, iyaye. A gidaje da yawa Baba ne ke yanke hukunci, wani lokacin kawu ko yaya da ya yi boko. Shirin da ya yi magana da yaro ya bar mahaifinsa a duhu ya yi rabin aiki. Bayanin ya zo da Hausa da sauran harsunan gida, a tarukan iyaye da malamai da kuma gidajen rediyo.

Na uku, gaskiyar alƙaluma. Kowane sashe ya bayyana mutum nawa suka nema bara, nawa aka ɗauka, da makin na ƙarshen da aka ɗauka, da matsayin amincewar NUC. Jami'o'i suna da waɗannan bayanai, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa ikon neman su daga cibiyoyin gwamnatin tarayya.

Na huɗu, gani da ido. Ɗalibi ya shiga ɗakin gwaje-gwaje, ya zauna a lacca guda, ya tattauna da ɗan aji uku a sashen da kuma wanda ya gama yana aiki, ko yake neman aiki. Dole ne a bambanta wannan da tallar da wasu jami'o'in kuɗi ke yi, inda ake nuna gine-gine a ɓoye sharuɗɗa.

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da mai karanta wannan rahoto zai iya yi a makon nan. Idan kana da ƙane ko ƙanwa a ƙaramar sakandare, ko ɗan maƙwabci da ke shirin rajista, ka zauna da shi ka buɗe kundin JAMB, ku duba darussan da burinsa ke bukata, sannan ku binciki ko makarantarsu na koyar da su. Idan ba ta koyarwa, yanzu ne lokacin sanin haka, tun ana iya sauya aji ko makaranta.